Baba Zacharias, Mai Gwada Zazzaɓin Dusa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Zacharias ya riga ya hau tsohon babur ɗinsa daga Gwagwalada, yana bin masu kiwon turke na Tungan Maje gida gida. Shekara talatin da biyu yana duba dabbobi, amma duk inda ya sauka ba saniya yake fara kallo ba. Buhun dusa yake nufa, ya naɗe riga, ya cusa hannu har gwiwa.

Da dariya muke masa. Bara muka daina.

Cikin zafin Afrilu, bijimaina uku, waɗanda da su nake fatan 'yata Mufida ta shiga makarantar koyon jinya, suka ƙi cin abinci. Sai haki, yawu na dalala, ƙaramin har da gudawa. Kowa ya ce zafi ne. Na yi ta kwara musu ruwa, suna ƙara ramewa.

Da Baba ya iso sai ya ce, "Oga Farouk, ina dusarka?"

Na nuna masa har da alfahari, don na lulluɓe ta da tampol, na ɗaure tam saboda ruwan farko. Ya cusa hannu, ya zaro kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

"Kai! Dusar ce ke zazzaɓi! Ka turara ta a tampol ta yi funfuna, ga rana na gasa bijiman, ga guba a ciki."

"Baba, in shanya ta mana?"

"In tuwo ya yi funfuna, shanyawa kake yi ka ba Mufida?"

Ya tsaya sai da muka binne ta kaf. Sabuwar da na sayo ya sa muka ɗora kan katako inda iska ke ratsawa, muka kafa rumfar zana, ci da sassafe da yamma, ruwa kuwa kullum cike. Ran kwana tara babban bijimin ya miƙe ya tura kai cikin kwano. Wallahi ihu na yi!

Baba, kai ne likitan da ba ya jiran a gode masa. Ga shi ka ajiye aiki, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. 'Yan'uwa makiyaya, ku cusa hannu a buhu kafin ku zuba.

Yau Mufida na koyon gwada zazzaɓin mutane. Ni kuma kullum da safe ina gwada na dusa.