Yadda na kori jirgin Alhaji saboda rubutun jikin kwali

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ina gyaran injinan ɗaga kaya a wani sito a nan birnin Greensboro, a ƙasar waje, kuma ina fama da wata cuta da ban san ina da ita ba, wato son a ce na sani. Abin sha'awata shi ne harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya manna da gam, ya goge, ya yi fenti har su fito kamar na gaske. Muna da ƙungiya, duk wata mukan taru a garejin gidan wani likitan haƙori mai ritaya a unguwar Irving Park. Ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, kuma maimakon hakan ya sa ni natsuwa, sai ya sa kaina ya kumbura. Idan suka yaba fentina, haka zan yini ina washe baki kamar wanda aka ba sarauta.

Akwai wani dattijo da muke salla tare, muna ce masa Alhaji, mutumin Kaduna, tsohon sojan sama, yana zaune wurin 'yarsa a McLeansville, kusa da mu. Ba ya tuƙi, hannunsa kuma ya fara rawa, don haka zaman gida ya ishe shi. Wata Juma'a ya ga kwalin jirgi a motata, idonsa ya kawo haske, ni kuma na fara ɗaukarsa zuwa taron namu. Gaskiya ba don Allah kaɗai na yi ba, ina so ne a samu ɗan gida da zai ga yadda Turawa ke girmama ni. Alhaji bai cika magana a can ba, sai dai ya zauna yana kallo yana murmushi, amma 'yarsa ta gaya mini tun ana sauran kwana biyu yake sa a goge masa kaftani.

A shekarar sai aka yanke shawarar aikin haɗin gwiwa: kowa ya haɗa jirgi ɗaya daga cikin masu kai hari ƙasa, cikin wata shida, a ƙarshe a jera su a teburi guda a baje kolin masu wannan sha'awa. Nan gardama ta ɓarke a kan wane jirgi ya cancanta. Ku zo ku ga manyan mutane masu jikoki suna tayar da jijiyar wuya a kan roba. Wannan ya ce jirgin faɗa a sama in an rataya masa bam ya shiga, wancan ya ce sam. Wani ya kawo maganar jirgi mai saukar ungulu, aka yi masa ca. Yawancinmu ba mu taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a talabijin, amma kowa ya zama janar. Da abin ya ƙi ƙarewa suka ce ni na fi kowa karanta littattafan jirage, in rubuta ƙa'ida in zama alƙali. Na karɓa hannu bibbiyu, na rubuta cewa sai jirgin da tun daga masana'anta don harin ƙasa aka ƙera shi, irin su A-10 da Su-25, ba wanda aka yi wa kwaskwarima daga baya ba.

Alhaji bai karanta ƙa'idar ba, domin ba ya bin saƙonnin waya, ni kuma da nake ɗaukarsa a mota ban taɓa buɗe baki na yi masa bayani ba. Ashe ya sa 'yarsa ta yi masa odar jirgin da ake kira Alpha Jet, ya kwashe wata uku yana fama da shi. Abin da mai lafiya zai manna a minti biyar, shi sai ya dafe hannu ɗaya da ɗaya ya yi rabin yini. Ranar da ya kawo shi a cikin kwalin takalmi, ya buɗe a hankali: fentin kore da ruwan ƙasa, tutarmu a jela, ga rokoki a ƙarƙashin fukafukai. Fentin ya ɗan karkace, akwai tabon gam a gilashin matuƙi. Ni abin da na fara gani ke nan, na taɓe baki a raina. Sai na ɗauki ainihin kwalin da aka sayo jirgin a ciki, wanda shi ma ya taho da shi, na ga an rubuta jirgin koyon tuƙi ne.

Wani daga cikin Turawan ya ce a ganinsa duk jirgin da ya taɓa yin aikin ya cancanta, a bar dattijo ya shiga. Da na yi shiru da magana ta mutu. Amma sai tsoro ya kama ni kada a ce na yi son kai don nawa ne. Na miƙe tsaye, Alhaji yana zaune, na ɗaga kwalin sama, na yi ta zuba Turanci ina bayanin bambancin jirgin makaranta da jirgin yaƙi, har da cewa ƙa'ida ba ta san sanayya ba. Mutumin da ya girmi yayana na fari, a gaban baƙi, da harshen da ba namu ba. A gidanmu ko mahaifinka ya yi kuskure, sai ka bi shi ɗaki ka durƙusa ka faɗa masa a asirce. Na san wannan sarai, na take shi don mutum shida su gyaɗa mini kai. Alhaji bai musa ba. Ya ce alƙali ya yi gaskiya, ya mayar da jirginsa cikin kwali, har muka isa McLeansville hirar farashin masara a gida yake yi mini.

Wata na gaba ya ce ƙafa na damunsa, na gaba ma haka. 'Yarsa ce ta tare ni a wani suna, ta tambaye ni cikin ladabin da ya fi mari zafi ko na san aikin babanta a soja. Ta ce shi ne yake ɗora wa wannan jirgin makamai da hannunsa lokacin yaƙin Laberiya, kuma lambar da ya rubuta a jelar ta jirgin wani matuƙi ce da ya yi wa aiki shekaru, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ni da na haddace littattafai, shekara guda mutumin yana gefena a mota ban taɓa tambayarsa me ya yi da rayuwarsa ba.

Na je gidan na durƙusa. Ya ce ya yafe tun a ranar, ya sa aka kawo mini shayi. Jirgin yana kan talabijin, fukafukansa fayau. Ya ce tunda masana sun ce na makaranta ne, sai ya sa reza ya yanke rokokin don kada ya ajiye ƙarya a falo. Na roƙe shi in sayo wasu in manna masa, ya ce a'a, abin da hannunsa bai yi ba ba nasa ba ne, hannun kuma yanzu ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Wannan shi ne jirgi na ƙarshe da ya haɗa.

Teburinmu ya yi kyau a baje kolin, aka tafa mini, na tsaya ina jin ƙyamar kaina. Abin da na koya shi ne karatun da bai hana mutum wulaƙanta na gaba da shi ba, bai amfana masa komai ba. Ina gargaɗin 'yan'uwana mazauna ƙasashen waje, musamman masu rawar kai irina in an ba su ɗan muƙami a cikin baƙi: kafin ka yanke hukunci a kan aikin dattijo, ka zauna ka tambaye shi labarinsa, in kuma gyara ne, ka bi shi gida. Ni an yafe mini, amma har yau duk ranar taro ni kaɗai nake tuƙi zuwa garejin nan.