Hoto Ɗaya a Ɗakin Malam Hashimu

Babana, Malam Hashimu mai rijiya, shekara saba'in da uku ya yi a duniya ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Daga ƙauyenmu har kusa da Kunci, da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai shiga cikinta ba. Kaka na wucewa yake ɗaukar diga da igiya, ya sauka ƙasa da sassafe, ba ya fitowa sai azahar. Mu yara muryarsa muka fi sani, daga can ƙasa tana cewa a ja guga.

Taurin kansa kuwa sai wanda ya gani. Tun yana saurayi wani malami ya ce masa hoton mai rai ba kyau, shi ke nan ya riƙe. Da aka zo yin katin zaɓe ya ce su je da katinsu. Ranar bikin yayana Kamaruddeen, mai hoto na ɗaga kyamara Baba ya juya masa ƙeya. Da wayoyi suka cika gari ya gargaɗe mu, mu kuma ba mai ƙarfin halin gwadawa.

Hoto ɗaya ya taɓa bari a ɗakinsa. A jikin kalandar wani mai sayar da taki a Tsanyawa ya zo: duniya ce gaba ɗayanta, shuɗiya da farin gajimare, baƙi ya kewaye ta. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya tambaye ni, tunda ni ce 'yar boko.

"Tahira, akwai mai rai a ciki?"

"Babu, Baba."

Ya yanke sunan mai takin, ya kafe sauran da ƙusa. Ko me yake gani a ciki oho, bai taɓa faɗa ba.

Bara ya rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kamaruddeen ya bugo daga unguwar Bacirawa a Kano wai a turo hoton Baba ya sa a waya, mutane su yi addu'a. Na ce masa wane hoto? Ban yi kuka ba a lokacin, har yau ma ban yi ba. Na dafa wa baƙi abinci, na wanke kwanuka, na koma makarantar da nake koyarwa.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana tana tsince wake ta ce, "Fuskar Malam fa ta fara ɓace mini." Yadda ake cewa gishiri ya ƙare, haka ta faɗa. Ban gaya mata ni ma haka ba.

Sai na bincika labarin hoton duniyar nan na ɗakin Baba a waya. 'Yan sama jannati ne suka ɗauka a hanyarsu ta zuwa wata, a Disambar 1972, kuma ɓangarenmu na duniya ne ya fuskanto su, da hantsi a agogonmu. Na cire shi daga bango, na kai wa Inna tsakar gida, na ɗora yatsa daidai inda nake zaton Kano take.

"Inna, ashe ƙarya na yi masa. Duk wanda ke raye a nan ranar yana ciki. Baba ma yana nan, ƙanƙanta ce ta hana a gan shi."

Ta karɓa, ta kusanto da shi idonta. Ta tambayi shekarar, na lissafa mata da shekarun da aka yi fari. Ta ce a shekarar aka kawo ta gidan nan.

"Wane lokaci kika ce?"

"Bayan kaka. Da hantsi."

Ta miƙo mini takardar, ta jawo faifanta.

"To ba ya ciki. War haka yana cikin rijiya."

Na zauna kusa da ita da hoton a cinyata, na rufe ido na sake gwadawa. Muryarsa ta zo sarai. Fuskar ba ta zo ba.