Motar da Ta Ƙara Tsawo a Tsakar Gida

Mijin ƙanwata, wanda a tasha suke kira Tashi-mu-je, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Yakan karɓa, ya kurɓa, ya ajiye a bakin taga, ya tafi duba taya. Tun yana yaron mota yake haka, yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja. Da ya zama direba ma bai sauya ba, sai dai hannunsa ya samu abin riƙewa. Daga baya ya sayi tasa bas ɗin, wata fara, tsohuwa tun ranar da ya saye ta. Ita ta ciyar da gidan, ita ta riƙe yaran har suka gama karatu. A cikinta ya yi furfura.

A tasharsu akwai ƙa'ida: motar da ta daɗe ba ta shiga layi ba, sai a ba wani gurbinta. Da injin ya buga a bara, shugaban tasha ya ce zai riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen wata, daga nan kuma ba shi da ta cewa, don akwai samari da sababbin motoci suna jira. Mutum mai shekarunsa idan ya fita daga layi, ba kasafai ake sake ganinsa a ciki ba. Ban faɗa masa haka ba. Ya sani.

Babban ɗansa, mai aiki a asibiti, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo su ɗauke ta."

"In huta in yi me? In zauna a benci kamar kawunka ina kallon awaki suna wucewa?"

Ina zaune a wurin. Ni ne kawun, kuma awakin ma yanzu ba su cika wucewa ba.

Ya samo inji na hannu a wajen masu sayar da kayan mota. Bakanike ya ce masa akwai motoci a gabansa, ya dawo wani satin. Wannan kalma ta "dawo" ita ce mijin ƙanwata bai taɓa iya haɗiyewa ba. Ya ce shi da ya kwana a ƙarƙashin motar nan a hanya ba sau ɗaya ba, babu notin da bai san shi ba. Aka turo ta gida. Ƙofar gidan tana da lintar siminti a sama, kuma kariyar da ke kan motar, inda ake ɗaure kaya, sai da ta ɗan goge ta kafin ta shige.

Tsakar gidan ba wani faɗi ne da ita ba. Da motar ta shiga, ƙanwata sai ta koma bin jikin bango a karkace in za ta kicin. Igiyar shanya aka ɗaura ta a madubi. Kaji suka koma kwana a ƙarƙashin kujerar baya.

Takan ce, "Direba, wannan amaryar taka yaushe za ta tashi?"

"Gobe-jibi."

"Haka ka ce shekaranjiya."

"To ai ban ƙara ba."

Irin wannan bas ɗin injinta a ƙarƙashin kujerar direba yake, ta ƙasa ake sauke shi. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya tokare da bulo, ya kwanta a kan buhu. Daga inda nake zama ƙafafunsa kawai nake gani, su ma ba sa tsayawa wuri ɗaya. In sifana ta zame ya bugi yatsa, sai ka ji shiru, sannan ƙafar dama ta harba. Ya sauke tsohon injin a kan wata taya, maƙwabta suka taya shi ja. Ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, baƙin mai yana ɗiga, sannan ya rufe shi da tabarma. Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi maganar tabarmar, ta dubi fuskarsa, ta fasa.

Sabon injin ya ƙi zama. Ƙarfen da zai ɗauke shi ta gefe guda bai yi daidai ba, kuma mai shagon ya ce sai ya aika wani gari an kawo. Ga wata yana ƙarewa.

A nan ne abin ya lalace, ko da yake a lokacin ba wanda ya gane. Da wani ne, sai ya wanke hannu ya zauna ya jira. Shi kuwa yakan je shagon da safe, ya koma da rana, har mai shagon ya fara ɓuya in ya hango shi. In ya dawo gida sai ya yi ta zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta. Ya wanke lagireto, ma'ajin ruwan injin. Ya ɗinke kujeru. Ya dubi sifirin na baya, masu ɗauke da nauyin motar, ya ce sun kwanta, ya cire su ya sa wasu masu ƙarfi. Ya sauya tayoyi da wasu masu kauri da ya daɗe da ajiyewa. Sannan ya kira mai walda ya ƙara wa kariya tsayi, don a cewarsa samarin nan ba za su fi shi ɗaukar kaya ba.

Na ce masa, "Motar nan kamar ta miƙe."

Ya ce, "Ai dole, Yaya. Ta samu kulawa."

Na so in ƙara wani abu, amma kafin in haɗa maganar ya riga ya koma ƙarƙashi.

Ƙarfen ya iso ana gobe wata zai ƙare. Washegari da hantsi ya haɗa waya ta ƙarshe, ya ɗaura batir, ya murza makulli. Injin ya yi tari, ya kama. Kaji suka watse. Bai tsaya jin sannu da aiki ba, ya ce a buɗe ƙofa, ya sa giyar baya.

Sai muka ji ƙarfe ya daki siminti.

Ya fito ya ɗaga kai. Kariyar ta ɗara lintar da kusan faɗin tafin hannu. Ya sassauta iskar tayoyi iya yadda za su kai shi tasha, bai isa ba. Ya aika a kira mai walda, aka ce ya tafi aiki bayan gari. Ya shiga ɗaki ya fito da guduma.

Ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofar. "Ka fasa me? Wayar wutar gidan nan a kanta take. Ka cinye min tsakar gida, yanzu kuma ƙofa?"

"Ki matsa. In rana ta yi tsaka ban je ba, sun ba wani yaro gurbina."

"Ajiye gudumar. Kai da kake tuƙa ta, yaushe ka taɓa ganin motar nan da tsawonta? Kullum a durƙushe take da lodi." Ta juya ta dube ni. "Yaya, shiga."

Na shiga. Motar ba ta san na shiga ba.

Ƙanwata ta leƙa waje ta fara kiran maƙwabta. Matar tela ta zo da kumfar sabulu a hannu. Mai kanti ya bar kantinsa a buɗe. Mai faci, da surukarsa, da wasu mata biyu da suka zo wucewa da tulunan ruwa, duk aka cusa su, har da ruwan. Tashi-mu-je yana waje yana auna ratar da yatsa, yana jera mu kamar buhuna.

"Ku koma baya, kan taya. Kai mai kanti, ba ka da nauyin komai, matsa wa mutane."

"Ni da nake taimakonka?"

"Ina matar mahauci? A kira min ita."

Matar mahauci ta iso tana gyara mayafi. Ta ce, "Wato yau jikin nawa ya yi rana? Ba kai ne kake cewa kujera biyu nake ci ba?"

"Yau gaba za ki zauna in kina so, ranki ya daɗe. Amma don Allah ki zauna a baya."

Da ta taka, motar ta yi wani nishi ta sunkuya. Ƙanwata ta shiga ƙarshe, ba ko takalmi, ta ja ƙofa. Ya hau, ya saki kuloci a hankali, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Muka ji kariyar tana kartar siminti a saman kanmu, ƙasa tana zubowa a gilashi. Sai hasken titi ya shigo ta taga.

Mai kanti ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Motar ba ta tsaya ba.

"Direba, ka sauke mu mana."

"In na tsaya ta mutu fa? Ku yi haƙuri, nan da tasha ne."

"Na bar tukunya a wuta," in ji ƙanwata.

"Za ki tarar da ita."

Haka muka shiga tasha, ruwa yana fantsama daga tuluna, matar tela tana goge kumfa a zaninta. Saurayin da za a ba gurbin ya riga ya kawo hancin motarsa kusa. Shugaban tasha ya taso ya leƙa ta taga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙafar ƙanwata.

Ya ce, "Kai ka kawo fasinja, ko su suka kawo ka?"

Ya yi wa saurayin alama da hannu, saurayin ya ja da baya. Tashi-mu-je ya shige gurbinsa.

Mayar da mu gida kuwa bai taso ba, don wanda ya shiga layi ba ya fita sai ya yi lodi. Ƙanwata ta karɓi silifas ɗinsa ba tare da ta tambaya ba, ta wuce gaba, sauran suka bi ta suna mita suna dariya.

Ni na ɗan tsaya, ƙafata ba ta sauri. Yana zaune a sitiyari, babu takalmi, bai kashe motar ba. Sabon injin ba shi da ƙara irin ta tsohon. Na ga ya karkata kai yana saurare, ya ɗan taka totur, ya saki, ya sake takawa. Ya sa tafin hannu a gefen kujerar da ke kan injin ya bar shi a nan.

Na ce, "Tana aiki fa."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ba na jin ta ne."

Wata mata da kwando ta tambaya ko akwai wuri, ya diro ya karɓi kwandon.