Ƙarƙashin Bargon Yaya

Duk layin masu gyaran mota babu mai kiran yayana da sunan yanka. Mai Bargo suke ce masa, shi kuma yana amsawa ko a jikinsa. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, kuma tun ina ƙarama nake jin haushin bargon nan, don ƙawayena sun sha tambayata ko yayana kullum zazzaɓi yake yi.

Sana'arsa gyaran wutar mota. Da rediyon mahaifinmu ya fara, ya kwance ta ɗaiɗai, ya sha dukan tsiya, ya sake haɗa ta har ta yi magana, ko sannu bai samu ba. Daga nan ya koma motoci. A motocin ma sai ya zaɓi abin da kowa ke gudu, wato wutar allon gaban direba, inda agogon gudu da na mai suke, irin wadda takan ɗauke ta dawo don kanta. Mai mota zai rantse jiya ta mutu masa ɗif a hanya, amma yana kai wa bakanike sai ta yi ta haske kamar ba ita ba. Bakanike ya canza fiyus, ya canza ƙwan fitila, ya sallame shi. Kwana kaɗan ta sake. In an gaji da yawo sai wani ya ce a kai wa Mai Bargo.

Yaya ba ya aikin dare, ya ce dare na iyali ne. To da rana kuma hasken allon ba ya fitowa sosai. Sai ya samo wani baƙin bargo mai kauri, ya riƙa lulluɓe kansa da allon gaba ɗaya, ya yi wa kansa duhu. Yana ciki zai zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ja wannan a hankali, ya girgiza wancan soket, idonsa ƙur a kan agogunan. Duk wayar da ya taɓa haske ya yi rawa, to ita ce. Wani lokaci sukurun da ya ɗaure waya a jikin ƙarfe ne ya yi tsatsa, wani lokaci ɓera ne ya ɗanɗana roba ya yi gaba. Daga waje ba ka ganin komai sai ƙafafunsa a bakin ƙofar mota da wani baƙin tudu yana numfashi. Ba ya magana a ciki, kuma ba ya son a yi masa.

Ƙa'idarsa guda ce. In bai ga matsalar da idonsa ba, ba zai taɓa ko waya ɗaya ba. In kuwa ya gani, motar ba ta fita daga garejin sai ya kama mai laifin. Mutane ba don arha suke zuwa ba, sai don duk abin da Yaya ya ce ya gani ba a musanta shi. Da wannan ya rufa wa kansa asiri, ya yi wa ƴaƴansa karatu, ya yi mini nawa. Ba shi da wata dukiya sai wannan shaidar da aka yi masa.

A shekarar da furfura ta gama da gemunsa ne abin ya fara. Wata malamar makaranta ta kawo motarta, ya shiga bargo, wuta ta ɗauke, ya ce madalla. Ya sake taɓa wayar nan, shiru. Ya taɓa wata daban, ta ɗauke. Ya kwance allon, ya bi kowace waya har tushenta, bai samu ko ƙwarzane ba. Ana cikin haka wani ya kawo tasa don fitilar baya kawai. Yaya ya leƙa allon saboda sabo, ita ma ta ɗauke masa. Mai motar ya ce tun da ya saya bai taɓa gani ba. Yaya ya ce shi ya gani, kuma ba ta fita. Haka ta uku, haka wadda ta biyo bayanta.

Kafin a ankara garejin ya cika da motoci masu allo a farke, wayoyi na reto kamar kayan cikin akuya. Wasu suka zo da masu jan mota suka kwashe nasu suna zage-zage. Mai facin taya, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, ya ce shi dai ba ya son zargi, amma wurin nan akwai abin da ya shigo, don mota lafiyayya ba ta tsallaka ƙofar nan ta kamu da ciwo haka kawai. Ya ja bencinsa ya koma tsallaken titi. Masu wucewa suka fara rage murya in sun zo daidai ƙofar.

Matar Yaya ce ta same ni har gida, ta ƙi ko zama.

"Auta, yayanki fa zai ƙare. Abinci sai ya jagwalgwala ya ture. Yana zaune sai ki ga yatsunsa na motsi kamar yana bin waya."

"Anti, kin yi masa magana?"

"Ni? Ai ni ko tari na yi sai ya ce na katse masa tunani. Ke ce mai bakin da yake ji. Ki je ki gano min mene ne a garejin nan, kafin sunansa ya gama zubewa."

Na ce zan je, kuma da motata zan je. Na san ta ciki da bai, allonta bai taɓa ko ƙiftawa ba. In ita ma ta kamu, to sai in san da wa nake faɗa.

Da tsakar rana na isa. Ban taɓa jin garejin shiru haka ba, ba ƙarar injin, ba rediyo. Motocin da suka rage suna jere, ƙofofi a buɗe, inda agogunan suke sai ramuka. Yaya na zaune a kan wata tsohuwar taya, rigarsa ta yi masa yawa. Na ce masa waifar share gilashin motata ce ke maƙalewa. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce babu abin da ya same ta, mai ita ce dai ba ta da aikin yi. Na yi dariya, shi bai yi ba.

"Bari in leƙa allon."

"Yaya, lafiyarsa ƙalau. Kar ka jawo min."

Ai kafin in rufe baki ya ɗauko bargon. Ya murɗa makulli, ya kunna fitila, ya shige ta kujerar gefe ya lulluɓa. Na tsaya ina kallon tudun nan yana hawa yana sauka. Can sai na ji magana daga ciki, daga mutumin da bai taɓa magana a cikin bargo ba, muryar kuma a shaƙe kamar ba tasa ba.

"Ta ɗauke."

Tsigar jikina ta tashi, sai kuma zuciya ta ɗebe ni. Ni ba na ɗaukar raini ko daga mutum, balle daga abin da ba a gani. Na buɗe ƙofar direba, na zauna, na ɗaga gefen bargon na cusa kaina.

Warin ƙura da baƙin mai da gumin shekaru ya cika min hanci. Duhu ne sosai, sai koren hasken agogunan a gabanmu, ya mayar da fuskar Yaya kore. Bai kore ni ba, da alama ma ya ji daɗin samun shaida.

"Ta dawo yanzu," in ji shi. "Ki zuba ido, kar ki ƙifta."

Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Don hannun ya kai can ciki, sai da ya karkata wuyansa hagu ya ɗaga haɓa, yana kallon allon ta gefe.

"Yauwa! Ga ta nan, ta sake. Kin gani?"

Allon na nan tar, ko rawa bai yi ba. Idon Yaya a buɗe, ina ganin koren agogunan a cikin ƙwayar idonsa.

"Yaya, tana nan."

"Ke, ba na son wasan banza."

"Wallahi tana nan. Ga allurar mai can a tsakiya, ina kallonta."

Na ɗaga hannu na wuce da shi ta gaban fuskarsa, kusa har ina jin numfashinsa a tafina. Bai ƙifta ba. Yana ta kallon wani wuri a bayan hannuna, yana jiran haske. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na aljanin da na shigo nema, don da aljanin ne da na san addu'ar da zan yi.

Hannunsa ya gaji, ya zaro shi, ya miƙe wuya. "Ta dawo," ya ce. Sai ya ga hannuna a gabansa, ya bi shi da kallo har zuwa fuskata. Hawaye nake, ban ma sani ba.

Na ga yana lissafi a ransa. Sannan ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa.

"Auta, ina taɓa wani abu?"

"Ba ka taɓa komai."

Ya sunkuyar da kai a hankali, ya ɗago. Ya juya dama, ya tsaya, ya dawo. Ya juya hagu, shiru. Sai ya ɗaga haɓa kaɗan kaɗan, yadda yake jan waya in ba ya son ta tsinke.

"Ta tafi."

Ya dawo da kansa daidai. "Ta dawo."

Ya sake yi, don Yaya ba ya yarda da abin da ya faru sau ɗaya. Sannan ya yaye bargon ya fita. Ya tsaya a tsakiyar garejin, rana na dukan kansa, mai faci na leƙenmu daga tsallaken titi. Ya karkata wuya, ya ɗaga haɓa, ya tsaya a haka.

"Auta," ya ce, "rana ma ta ɗauke."

Da ya miƙe sai ya bi motocin nan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai yi maganar idonsa ba. Cewa ya yi, "Ashe motocin bayin Allah lafiyarsu ƙalau. Na farke su a banza." Na ce mu wuce asibiti yanzu yanzu. Ya ce gobe da safe, yau sai ya fara gaya wa matarsa da bakinsa, kuma sai ya zaunar da ita tukuna. Ya zaro makullin motarsa daga aljihu ya miƙo min ba tare da na tambaya ba. Daga baya likitoci sun ce hanyar jini ce a wuyansa take tsukewa in ya karkata haka. Garejin dai ba a sake buɗe shi ba.

Ni na kai shi gida a ranar. Duk hanya yana zaune ƙiƙam, kansa a tsaye kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Muna fitowa daga mota sai ga Anti ta leƙo ta tagar bene, can sama ta hagunmu. Ba ta saba ganinsa da rana tsaka ba, murna ta kama ta.

"Lah, Baban yara! Yau kai ne da wuri haka? Sannu da zuwa!"

Ya san abin da zai biyo baya. Amma bai taɓa jin muryar nan ya ƙi ɗaga kai ba. Ya juya, ya ɗaga haɓa, ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu. Bangon da ke gefen tagar yake ɗaga wa.

Da ɗaya hannun ya laluba ya kama tsintsiyar hannuna, ya matse, murmushin na nan a fuskarsa.

"Tana nan har yanzu?" ya ce ƙasa ƙasa.

"Tana nan, Yaya."

"To in ta shiga ki gaya min."