Alamar Baba a bangon zaure

Shekarun baya, lokacin ina gadi a wani bene a unguwar Bin Mahmud, can ƙasar Larabawa, na kamu da cutar kallon bidiyon ƙungiyoyin asiri. Wadda ta fi ɗaukar hankalina wata tsohuwar ƙungiyar Turawa ce da har yau ake musu a kan asalinta. Wasu su ce daga mayaƙan zamanin dā ta fito, wasu su ce daga magina masu sassaƙa dutse, waɗanda ke da gaisuwarsu ta ɓoye da alamar da kowa ke bari a jikin aikinsa. Ni ina bayan magina, abokina ɗan Zangon Kumasi yana bayan mayaƙa. Duk Juma'a a kasuwar Souq Waqif sai shayinmu ya huce muna gardama. Ni da ko Turai ban taɓa takawa ba, in ka ji ina bayani ka rantse da ni aka kafa ƙungiyar.

Wata rana na kira mahaifina a Zariya. Maginin ƙasa ne, gadon kakana, ni ne kuma kaɗai ɗansa namiji. Na zuba masa labarin don in burge shi. Ya yi dariya ya ce, "Ashe Turawa ma sun san wannan? Ai gidanmu ma da alamarmu, da abin da ake faɗa kafin a aza tubalin farko."

Na ce, "Baba, faɗa min mana."

Ya ce, "Ba a faɗa a waya. A gaban bango ake faɗa, hannu cikin laka. Ka zo."

Na ce in sha Allah da hutu. Hutu ya zo, aiki ya yi yawa, na ɗaga. Abokina ya ce, "Yalla, ka tafi mana, gadi ba ya gudu." Na ce khalas, wato shi ke nan, sai baɗi. Baba ya tuna min, ya sake tunawa, daga nan bai ƙara tayar da zancen ba. Ni kuwa na ci gaba da bin asirin Turawa a waya.

Ina bakin aiki aka kira ni cewa ya rasu. Kafin in isa gida an yi jana'iza.

A bangon zaurenmu, can sama kusa da azara, na ga alamar: shatin yatsu a jere da ɗan zagaye a ƙasa. Duk ƙuruciyata ina wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai ba. Na je wurin wani tsohon magini, aminin Baba, na tambaye shi abin da ake faɗa kafin a aza tubalin farko. Ya ce, "Ɗana, kowane gida da nasa. Naku mahaifinka kaɗai ya riƙe, kai yake jira."

Har yau abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Masana suna ta musu a kan ta yadda asirin waɗancan magina ya sauya hannu, ni kuwa na san daidai inda namu ya tsaya. Yarona ya fara tambayar mene ne wancan zanen a bango. Sai dai in ɗaga shi ya taɓa.