Rijiya Mai Cibiya Biyu

Mijina Bonkano mai yasar rijiya ne, kuma shekara ashirin da shida ni ke riƙe masa madubi. Ku yafe mini kiran sunansa, labarin mutum ba ya yiwuwa babu suna. A gida Baban Mintu nake ce masa.

In ya sauka, sai in durƙusa a bakin rijiya in karkato hasken rana da madubin in aika masa ƙasa. Maza huɗu ke jan igiya, suna can baya, ba sa ganin komai. Ya ce ba zai ba namiji madubi ba, don da an soma hirar kokawa hannun namiji zai kauce. Ni kuwa me zai ɗauke mini hankali, uban 'ya'yana yana zurfin gaba ashirin a cikin ƙasa? Mata na cewa wai ni Gambi na saba. Ƙarya ne wallahi. Duk ranar da zai sauka, ko fura ba na sha.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Wajen kawunsa ya koyi aikin, kuma babu ƙauyen da bai shiga rijiyarsa ba a wannan yanki namu na Zarmaganda. Ba a taɓa kiransa ya ce a'a ba. Yana da sanda mai tsawon kamu biyu, ana ɗaure ta a tsakiya da igiya, ya zauna a kanta a zura shi. Ita ce kujerarsa, ita ce ma'auninsa. Duk zurfin gaba guda sai ya ce a tsaya, ya juya da ita zagaye guda. In ta zagayo ba ta taɓa bango ba, ya ce a ci gaba.

A bazarar da nake ba ku labari, rijiyar garinmu ta fara ba da taɓo. Ita kaɗai gare mu, ta kusa da mu kuwa tafiyar rabin yini ce a jaki. Aka zura shi ya duba. A gaba na sha ɗaya na ga ya juya, sandar ta ƙi zagayowa. Ya koma ta ɗaya hannun, ta sake cijewa. Ya ɗago kai ya ce a fitar da shi.

Da ya fito na ga leɓensa ya bushe. Ban taɓa ganinsa haka ba.

"Itacen da kakanni suka jera a jikinta ya ruɓe," ya ce wa maigari a gindin gawo. "Laka na turo ta daga kudu da arewa. A bar ta, a haƙa sabuwa."

Maigari ya tashi ya je ya leƙa, ya dawo yana karkaɗe gwiwa. "Haba Bonkano. Bakinta zagayayye kamar faifai. Kowa ya je ya gani."

Kowa ya je ya gani kuwa, kowa ya dawo yana gyaɗa kai. Mutanen garinmu ke nan, baki kawai suke duba wa rijiya.

Mutumin nan da ba ya magana sai ya nemi turaku biyu da guntun igiya. Ya kafa su wuri ɗaya, ya ɗaura bakin igiyar ɗaya a wannan, ɗaya a wancan, ya ɗame ta da tsinke ya zagaya a kan rairayi. Da'ira ta fito sumul.

"Wannan lafiyayyar rijiya ce, cibiyarta ɗaya."

Sai ya raba turakun da taki guda, ya sake zagayawa da igiyar nan dai. Abin ya fito a matse ta gefe biyu. Ya ƙara raba su, ya ƙara matsewa.

"Ƙwai ya zana mana," in ji wani, aka yi dariya.

Baban Mintu ya ce, "Ƙwai kansa ɗaya ya fi ɗaya girma. Wannan duka biyu daidai suke. Ku duba, tsawon yana nan yadda yake, faɗin ne ke tafiya. Haka cikin rijiyarku yake yanzu, cibiya biyu gare ta, kuma kullum rabuwa suke yi."

Malamin makarantar boko, wanda muke ce wa Mushe, ya tsuguna yana murna kamar ya tsinci ɗan'uwa. Ya ce wannan a littafi elips ake kiransa, kuma duk inda ka tsaya a gefensa, nisanka da turken nan haɗe da nisanka da wancan ba ya canzawa, tsawon igiyar ne. Na ce a raina, Mushe, kai sunan ya dame ka, ni mijina za su tura ciki.

Kimba ne ya ɓata komai, ƙanin mijina, wanda bakinsa ya fi shi girma.

"Yaya, in tsufa ne ka faɗa mana. Ba ni sandar, ni in sauka. Garin nan ba zai sha zane ba."

"Kai da tsanin rumbu ke sa ka jiri?" na ce masa.

"Matar yaya, ke ma kin tsufa. Riƙe mini madubin kawai."

Ba wasa yake ba, har ya fara naɗe wando. Baban Mintu ya dube shi, ya dubi matan da ke zaune da tulunan da babu komai ciki. Ya ce, "Ajiye. Ni zan sauka."

Na bi shi gefe na ce, "Don girman Allah kar ka shiga. Tsoro nake ji." Ya ce, "Ni ma. Amma shi bai san inda zai juya ba."

Da hantsi aka zura shi. Ya daidaita sandarsa gabas da yamma, ya wuce wurin nan a hankali, ya kai ƙasa. Guga ya riƙa hawowa da taɓo, ɗaya, biyar, goma sha. Gwiwoyina suka mutu a kan dutse, ban motsa ba. Ba shi nake kallo ba ma, gaba na sha ɗaya nake kallo. Wajen azahar na ga ƙasa na zubowa daga can, siririya kamar gari daga rariya, sannan wani itace ya yi ƙara.

"Ku fitar da shi! Ku fitar da shi yanzu!"

Suka ja da gudu. Saurin ne ya sa igiya ta murɗe, ya taho yana juyawa, ƙasa na zuba masa a fuska. Yana isa wurin, sandar ta gitta kudu da arewa, ta cije.

"Ya maƙale! Ku ja!" in ji Kimba. "Ku ƙara ƙarfi!"

Innalillahi! Ina gani bakin sandar na nutsewa cikin laka, bangon na kumburowa a kansa. Na ce su saki, ba wanda ya ji, wa ke jin mace ana jan igiya? Madubi na hannuna, ba halin in tashi. Na juya kai na kwarara ihun da ban san ina da shi ba.

"Kimba, kai za ka kashe shi! Duk wanda ya ƙara ja, Allah ya isa tsakanina da shi! Ku sassauta!"

Suka tsaya cak. Suka saki kamar taki ɗaya, sandar ta kuɓuce. Amma shi yana lilo, idanunsa cike da ƙasa, yana lalube, bai san gabas ba bai san yamma ba. Daga sama ni ina ganin wurin sarai, a matse ta gefe biyu, tsawonsa yana nan. Na kira Baban Mintu, bai ji ba. Sai na kira sunansa tsirara, gaban maigari, gaban surukaina.

"Bonkano! Juya dama! Kaɗan. Ƙara. Ƙara. Tsaya nan! To ku ja, a hankali, kamar kuna ɗaukar jariri."

Ya wuce, laka na gogar gwiwoyinsa. Da suka fito da shi ya kwanta rubda ciki yana tari, ni kuma na koma bayan gawo na yi ta amai. Kafin la'asar rijiyar ta haɗe daga tsakiya, da wani gurnani da muka ji a tafin ƙafa. Bakinta na nan zagayayye har yau.

Wata biyu muna ɗebo ruwa a jaki kafin a gama sabuwa. Shi ya nuna inda za a haƙa, yana tsaye daga sama.

Bayan sallah wani dattijo ya zo daga wani ƙauye, rijiyarsu na son yasa, an ce masa a nan gwanin yake. Ina tsakar gida ina gyaran ganyen zogale. Na fita ƙofa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, maigidan ya yi tafiya, ban san ranar dawowarsa ba."

Baban Mintu kuwa yana zaune a bayan zana, taku uku daga inda nake tsaye, yana jin kowace kalma. Na dakata, ina jira ya yi gyaran murya ya kunyata ni. Dattijon ya sha ruwa, ya gyara takalmi, ya yi sallama ya hau jakinsa. Har ya ɓace Baban Mintu bai yi ko tari ba.