Ɗan Ladan da Ƙasar da Ba a Magariba

Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa zuwa garin Xintang na ƙasar Sin sarin wandon jins ya san Zayyad Tankari. Shi ne dogon nan mai tabarau, mutumin Birnin Ƙonni, da ke shiga gaba yana yi musu tafinta. Zai juya wando ciki-waje ya bi ɗinki da ɗan yatsa, in mai shago ya ce masa "meyo", wato babu, sai ya yi dariya ya ce a dai sake leƙa sito. Shekararsa goma sha ɗaya a Guangzhou. Kanawa, da yake ba a raba su da tsokana, Malam Ƙanƙara suke kiransa, don sun ji ƙanƙara ya karanta a jami'a. "Mutum ya baro zafin Ƙonni ya zo har Sin neman ƙanƙara! Ai firjin mai lemo ya ishe ka," in ji su. Shi dai murmushi yake yi. Ba su san gyambo suke fama masa ba.

Zayyad ɗan fari ne ga Malam Tankari, ladanin masallacin unguwarsu. Shekara arba'in tsohon yana kiran salla, kuma bai yarda da agogo kamar yadda ya yarda da inuwar katangar masallaci ba. Tsakaninsa da ɗansa kuwa kunya ce irin ta ɗan fari: a durƙusa a gaisa, a yi magana biyu, a tashi. Tun da Zayyad ya yi wayo bai taɓa tambayar mahaifinsa abu ɗaya sau biyu ba.

Karatu ya kai shi Yamai, daga can ya samu gurbi a wata jami'a a Guangzhou. Malamarsa, Farfesa Liang, ta sa shi a ɗakin sanyi inda ake ajiye dusar ƙanƙarar da ake ɗebowa daga Antaktika, nahiyar da ke can ƙarshen kudancin duniya. Aikinsa ya narkar, ya tace, ya duba abin da ya rage a na'urar ƙara girma. Ƙasa ce da babu gari, babu bishiya ko ɗaya, babu ƙabilar da za ta ce nan ne asalinta. A wasu wurare kaurin ƙanƙarar ya wuce kilomita huɗu, amma tsakiyarta hamada ce, abin da ke sauka mata daga sama a shekara bai kai ruwan Agadas ba. Duk da haka Zayyad yakan tsinci siraran zaren roba a cikin ruwan, na tufafin mutane, waɗanda iska da teku suka yi wa jagora. Ikon Allah, mutum bai je ba amma shararsa ta riga shi! Shekara uku ya yi yana ƙirga zaren nan, hannuwansa a ƙage, ransa kuwa na can wurin da idonsa bai gani ba.

Wata Litinin a watan Satumba Farfesa ta kira shi ofis. Ta ce jirgin ruwan masu bincike zai tashi daga tashar Nansha farkon Nuwamba, an ba ta gurbin ɗalibi ɗaya, kuma shi ta zaɓa. Sharaɗin kawai ya kawo fasfo ya sa hannu kafin Alhamis ta makon gobe, don ranar za a rufe sunaye. Zayyad ya fito ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna. Amma ɗan Malam Tankari ba ya tafiya ko garin Dogon Dutsi bai nemi izini ba, balle ƙarshen duniya.

Da la'asar, lokacin hantsi ya yi a Ƙonni, ya buga waya. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ya samu. Tsohon ya saurara, sannan ya yi tambayar da kowane ladan zai yi.

"Can ɗin, ƙarfe nawa rana take faɗuwa?"

"Baba, a lokacin da za mu je, sai ta yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba. Zagaye kawai take yi a gefen sama."

"Mi ka ce?"

Ya maimaita. Ta cikin wayar Zayyad yana jin kukan awakin gidansu.

"To Magariba fa? Asuba fa?" in ji tsohon. Bai jira amsa ba ya ce, "Bari in duba. Zan neme ka."

To a nan ne Zayyad ya yi wa kansa. Maganar Alhamis tana kan harshensa, kalma biyar ce ko shida, amma ya haɗiye ta. Ta yaya ɗa zai ce wa ubansa, ga kwana goma na ba ka? A kunnensa wannan rashin kunya ne tsagwaronta. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma," ya kashe waya.

Abdulgani, Bakanon da suke ɗaki ɗaya, kamar ya mare shi. "Kai wane irin mutum ne? Je ka sa hannu, albarka ta same ka a hanya! Ko kuwa ka sake kiran tsoho ka ce masa akwai wa'adi. Ciwon baki za ka yi?" Zayyad ya ce in ya sa hannu kafin amsa ta zo, to neman izinin ya zama munafunci. Zancen sake tambaya kuwa, ko kusa. Wallahi Abdulgani ya fi shi gaskiya, amma wa zai ja ɗan fari daga kunyarsa?

Sau uku ya kira gida a cikin kwanakin nan. Kowane karo gaisuwa ce kawai, ina gajiya, ina aiki, ya jama'ar masallaci. Tsohon bai tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. A hankali ya fassara wa kansa shirun: Baba bai yarda ba ne, yana dai jin nauyin faɗa. Ranar Alhamis ya sa fasfo a aljihu, ya je har ƙofar Farfesa, ya tsaya ya fi minti goma. Da ya shiga sai ya ce bai samu izinin gida ba. Ta cire tabarau ta dube shi, ta ce ta yi baƙin ciki, ta rubuta sunan wata ɗalibar. Daga wannan bai sake samun irin damar ba, domin shekara na zagayowa tallafin karatunsa ya ƙare, ya koma tafinta a kasuwa.

Ranar Talata, kwana biyar da rufe sunaye, wayarsa ta yi ƙara. Malam Tankari ne da kansa, mutumin da kullum sai dai a kira shi. Muryarsa cike da fara'a kamar ranar suna. Ashe bai zauna ba. Ya shiga mota ya je Tawa, ya ƙetara Sakkwato, yana bin malamai da tambaya. Sun ce masa a irin wannan wuri mutum ƙaddarawa yake yi, ya bi lokutan garin da ya fi kusa wanda ke da dare da rana. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka nemo masa lokutan, ya zauna ya rubuta su da hannunsa, rana bayan rana, na wata biyu cur.

"Za a ɗauki hoton takardar a aiko maka," in ji shi. "Kuma in ka je, ka kira salla da ƙarfi, ko da ba mai ji sai tsuntsaye. Na faɗa wa mutanen masallaci, duk suna yi maka addu'a."

Zayyad ya nemi bakin gado ya zauna. Da kyar ya ce, "Baba, an rufe. Tun Alhamis aka ba wata."

"Wace Alhamis?"

"Wadda ta wuce. Dama an sa mini wa'adi."

 Da tsohon ya sake magana, fara'ar ta tafi.

"Ni ai tun ranar da ka yi waya na yarda. Lokutan salla nake nema maka. Mi ya hana ka ce mini akwai wa'adi?"

Hawaye suka zubo wa Zayyad.

"Ashe ni na tsare ka," in ji Malam Tankari.

"A'a, Baba, laifina ne."

Tsohon bai karɓa ba. Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma duk wanda ya tambaye shi labarin ɗansa na Sin, sai ya ce yaron ya kusa zuwa inda ba kowa ke zuwa ba, jinkirin ubansa ne ya hana shi. Da wannan maganar a bakinsa ya rasu, Zayyad bai iya sauke masa ita ba.